Baƙuwar Dare Ta Bar Mini Ƙwai

9 ga Yuni

Na fito da sassafe zan kashe fitilar waje, sai na ga wani abu manne da bango, ƙasa kaɗan da ƙwan fitilar. Da fari na ɗauka jemage ne gari ya waye masa a wurin. Da na matso sai na ga malam-buɗe-littafi ne irin na dare, amma girmansa ya wuce na duk wanda na taɓa gani. Na ɗauko rula na kara a jikin bango ba tare da na taɓa shi ba. Daga wannan bakin fiffike zuwa wancan ya kusa santimita 15, tafin hannuna bai rufe shi ba.

Launinsa ruwan ƙasa ne mai ja-ja, da farin layi da ya ratsa fukafukan. A kowane fiffiken gaba akwai ɗan fili da babu launi, garau, ana hango fentin bango ta cikinsa. Da na hura masa iska a hankali sai ya ja fukafukan gaba sama, na baya suka bayyana, kowanne da zanen ido babba, ruwan lemo a tsakiya, baƙi ya zagaye shi. Duk da na san zane ne, sai da na ja da baya. Aikin zanen ke nan, ya razana tsuntsu ko ƙadangare na ɗan lokacin da zai isa a tsira.

Mace ce. Cikinta ya yi nauyi, ƙahonninta sirara ne. Gefen fiffikenta na hagu ya yage, kuma a bangon akwai gurbin gari-gari inda ta yi ta bugawa cikin dare. Garin nan ƙananan ɓawo ne da suka lulluɓe fiffiken, su ne launin, idan suka goge ba sa dawowa. Ƙadangaru sun fara fitowa shan hantsi, don haka na tura ta a hankali cikin kwali mai huda-huda na ajiye a inuwa.

10 ga Yuni

Na sa hotonta a iNaturalist, shafin intanet da ake tantance sunayen halittu daga hoto, kafin yamma masu sani suka tabbatar: Bunaea alcinoe ce, daga dangin Saturniidae, dangin da ke da nau'i kusan 2,300 a duniya. A cikinsu ne ake samun Attacus atlas na kudu maso gabashin Asiya, wanda faɗin fukafukansa kan kai santimita 24. Caspar Stoll, masanin ƙwari da ya zauna a Amsterdam, shi ya fara bayyana wannan tawa a rubuce a 1780. Asalinta Afirka ce, kudu da Sahara, ba daga wani wuri aka kawo ta ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Irinta na nan kusa da mu tun kafin a gina bangon da na same ta a kai, amma ban taɓa gani ba sai jiya.

Ɗan ƙanena ya leƙa kwalin ya ce, "Baffa, ko mu ba ta ruwan sukari? Tun jiya ba ta ci komai ba." Na ce masa ba ta da bakin ci. Bai yarda ba sai da muka duba da madubin ƙara girma. A wannan dangi, idan ƙwaron ya kai matakin fiffike, bakinsa ba ya aiki. Da kitsen da ta tara tun tana tsutsa take rayuwa, kuma ba ya kai ta nesa, mako guda ne ko kusa da haka. A cikinsa za ta sami namiji, ta zuba ƙwai, shi ke nan.

Shi ya sa daren da ta ɓata a jikin fitilata ya dame ni. A 2024 Samuel Fabian da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature Communications, bayan sun ɗauki ƙwari da kyamara mai sauri a ɗakin gwaji da kuma dajin Kosta Rika. Sun gano cewa ƙwaron ba kai tsaye yake nufar fitila ba. Bayansa yake juya wa haske, domin a duniyar da ya saba, inda ya fi haske nan ne sama. Idan hasken ƙwan lantarki ne a gefensa, sai ya yi ta karkata yana zagaye, ya kasa fita. Fitilar da ke haska sama ta fi muni. Yau na sa wa tawa marfi don haskenta ya kalli ƙasa, kuma daga yanzu ba za ta riƙa kwana a kunne ba.

11 ga Yuni

Ta zuba ƙwai a bangon kwalin, jere-jere, farare masu ɗan duhu, manne da gam nata na halitta. Sun haura ɗari. Cikinta bai gama saɓewa ba, ma'ana da saura, saboda haka da duhu ya yi na kai ta gindin madaci na ɗora ta a jikin kututture. Ta daɗe tana karkaɗa fukafukai, tana ɗumama naman tashi, sannan ta ɗaga da nauyi ta shige cikin ganye.

Ƙwan da ta bari su ne aikin da na ɗauka. Zan rene su, in rubuta abin da na gani, har su fito da fiffike. Na yanke ɓangaren kwalin da ƙwan ke kai na sa a roba mai murfi. Ban ɓamɓare su ba, ban kuma sa musu ganye ba tukuna, domin ganye a rufaffen wuri yana kawo laima da fumfuna.

17 ga Yuni

Ba abin da ya motsa. Amma ƙwan ba su lotsa ba, alama ce mai kyau, tunda wanda babu ɗa a ciki yakan motse ya bushe. Macen da aka tsinta a fitila galibi ta riga ta haɗu da namiji.

Yadda suke haɗuwar ya ci mini dare biyu ina karatu. Macen ba ta yawon neman kowa. Wuri guda take zama, ta fitar da wani ƙamshi daga ƙarshen cikinta, hancin mutum ba ya jin sa. Namiji kuwa ƙahonninsa masu faɗi ne, reshe-reshe, da su yake tsintar ƙamshin a iska daga nisan da kan kai kilomitoci, ya bi shi yana fuskantar iskar. A ƙarni na 19 masanin ƙwari Jean-Henri Fabre, a kudancin Faransa, ya rufe wata macen Saturnia pyri, 'yar wannan dangi, da ta fito daga ƙwanso da safe a ƙarƙashin ragar waya. A daren nan maza wajen 40 suka cika masa gida, cikin dare takwas suka kai 150. Ya yi zargin ƙamshi ne, amma sai a 1959 masanin sinadarai Adolf Butenandt ya tace irin wannan sinadarin a Jamus, daga matan ƙwaron siliki kusan 500,000, ya sa masa suna bombykol.

Wannan ya ba aikina manufa. Idan na sami mace daga cikin waɗannan ƙwan, zan sa ta a kejin raga in rataye a waje. Yawan mazan da za su zo shi zai nuna mini ko irin nan na da ƙarfi a kewayena ko kuwa saura ƙiris ya rage.

22 ga Yuni

Sun fashe. Kusan duka a safiya ɗaya. Kowace tsutsa ba ta wuce 'yan milimita ba, kai ya fi jiki girma, kuma abu na farko da ta yi shi ne cin ɓawon ƙwan da ta fito daga ciki. Na ba su ganye iri biyu, da na madaci da na wata bishiya da ke kusa. Dangin madaci, wato Khaya, na cikin itatuwan da aka rubuta cewa tsutsar na ci, kuma shi suka zaɓa. Suka taru a bayan ganye guda, kafaɗa da kafaɗa, suna ci daga gefe.

Ba zan iya ciyar da ɗari ba idan suka girma, ba kuma daidai ba ne in tsare su duka. Na bar wajen ashirin, sauran na mayar kan madacin da uwarsu ta shiga. Ban ɗauke su da hannu ba, ganyen da suke kai na ɗaure a jikin reshe, suka hau da kansu.

25 ga Yuni

Tsarin yau da kullum ya zauna. Da safe in yanko reshe sabo, in wanke, in bar shi ya tsane. Gindinsa a kwalbar ruwa, bakin kwalbar a toshe da tsumma, domin tsutsa na bin kara har cikin ruwa ta nutse. Takarda a ƙasan akwatin, in canja ta kullum. Ƙafafun teburin a cikin gwangwanaye masu ruwa saboda tururuwa da cinnaka. Ɗakin da suke ba a kunna maganin sauro ba a fesa komai, kuma ba na yanko ganye daga bishiyar da ban san tarihinta ba.

28 ga Yuni

Saɓar farko. Jiya duk suka daina ci suka sandare, wanda bai sani ba zai ce ciwo ne. Fatar tsutsa ba ta girma da ita, dole ta tuɓe. Na zauna da madubi na bi guda ɗaya. Ta riga ta saƙa 'yar shimfiɗar zare a jikin ganye ta kafa ƙafafunta na baya a ciki. Tsohon ƙoƙon kanta ya zamo gaba ya rufe mata baki, sabon kai ya kumbura a bayansa. Can sai fatar ta tsage a bayan wuya. Jikin ya shiga motsi daga baya zuwa gaba, fatar na tattarewa zuwa wutsiya, har ta fita ta bar ta manne da zaren. Ta goga fuska a ganye, ƙoƙon ya faɗi. Sabon kan fari-fari ne, mai taushi, sai bayan sa'o'i ya yi duhu.

Shimfiɗar zaren nan ita ce dalilin da ba a taɓa tsutsa mai shirin saɓa. Idan aka cire ta daga wurin, babu abin da zai riƙe tsohuwar fatar, sai ta maƙale a ciki ta mutu. Ranar saɓa, tsohon reshe yana nan inda yake, sabo a gefensa kawai nake ajiyewa.

9 ga Yuli

Na ɗaki suna lafiya. Na kan bishiya sun ragu ƙwarai. Na ga zanzaro ya ɗauki ɗaya da idona, tsuntsaye kuma ba sa barin reshen. A wuyan wata na ga ɗigon fari guda biyu manne da fata, ƙwan ƙudan Tachinidae ne. Tsutsar ƙudan za ta huda ta shiga, ta ci mai masaukinta daga ciki.

Abin da zafi a gani, amma ban sa hannu ba. Uwar da ke zuba ƙwai ɗaruruwa, biyu kawai take buƙata su kai ga haihuwa don irin ya tsaya yadda yake, ragowar abincin wasu ne. Ƙudan nan da ƙwaron nan sun daɗe tare. Inda ake samun ɓarna shi ne idan mutum ya shigo da baƙon maƙiyi. A 1906 aka fara sakin ƙudan Compsilura concinnata daga Turai a arewa maso gabashin Amurka don ya kashe wata tsutsa mai cinye daji. Bai tsaya a kanta ba, ya afka wa tsutsotsin manyan malam-buɗe-littafin dare 'yan ƙasa irin su Hyalophora cecropia, kuma masana na lissafa shi cikin dalilan raguwarsu a yankin.

15 ga Yuli

Biyu sun mutu. Na same su rataye da ƙafafun tsakiya, kai da wutsiya sun zubo, jiki ya yi ruwa. Haka cutar bairos ke yi musu. Na cire su da reshen gaba ɗaya, na wanke akwatin da ruwan bilic, na raba sauran gida biyu don su sami sarari.

21 ga Yuli

Sun shiga matakin ƙarshe, kuma yanzu ne suka zama abin kallo. Tsawon kowace ya doshi santimita 7, kaurinta ya kai na babban yatsa. Jikin baƙi ƙirin ne mai laushin gani, da layukan ƙayoyi farare masu ratsin rawaya, sun kwanta baya kaɗan. A kowane gefe akwai jerin jajayen ɗigo, a tsakiyar kowanne ƙofar numfashi ce, domin tsutsa ba ta numfashi ta baki. Ƙayar na da tsini amma babu dafi. Sai dai kada wannan ya sa a saki jiki da kowace tsutsa mai ƙaya. A cikin wannan dangi akwai Lonomia obliqua ta kudancin Barazil, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, ta kuma kashe mutane. Wadda ba ka san sunanta ba, kalle ta kawai.

Ci kuwa ba a magana. Da dare idan gida ya yi tsit ana jin ƙarar cinsu daga bakin ƙofa, da faɗuwar kashinsu a kan takarda, ƙwas, ƙwas. Tsutsa kan riƙe ganye da ƙafafunta shida na gaba, ta fara daga sama ta sauko tana yanka a lanƙwashe, ta koma sama ta sake. Reshen da ke kai su kwana biyu a da, yanzu kafin rana ta raba ya zama tsinke. Yanka sau biyu nake yi. Kusan duk nauyin da tsutsa za ta yi, a wannan matakin take tara shi, kuma abin da ta ci a makon nan shi ne ƙwan da za ta zuba da tashin da za ta yi bayan watanni.

24 ga Yuli

Dattijon da ke maƙwabtaka da ni ya ga 'yan kaɗan da suka tsira a kan madacin, ya ga kashi a ƙasa, ya ce zai sa a yi feshi kafin su cinye bishiyar. Na ce, "Baba, don Allah a ɗaga musu ƙafa kwana goma. Sun kusa sauka da kansu." Na shigo da shi ya ga na akwati, na nuna masa hoton uwar. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana saurayi. Ya amince.

Tsoronsa ba na banza ba ne. Idan suka yi yawa sukan tsige bishiya tas, kuma a gandun dashe mai ƙananan itatuwa hakan asara ce ta gaske. Amma babban madaci a tsakiyar damina, reshe biyu ko uku ba za su rage shi da komai ba, zai sake toho. Feshin kuwa ba ya zaɓe, da zanzaron da ƙudan da ke rage yawansu duk zai tafi da su.

1 ga Agusta

Sun fara sauka. Wadda ta ƙoshi sai ta bar ci, ta zubar da abin da ke cikinta mai ruwa-ruwa, ta bar reshe ta kama zagaye akwatin ba tsayawa. Atlas da wasu 'yan uwanta gidan siliki suke saƙawa a jikin reshe. Wannan ba ta saƙa, ƙasa take shiga. Na tanadi bokitai da ƙasa mai laushi, zurfin santimita 15, da ɗan danshi, da busasshen ganye a sama. Na ɗora ta farko, ta zagaya sau biyu, ta kafa kai, cikin minti kaɗan wutsiya kawai ake gani.

16 ga Agusta

Na bar su mako biyu don fatar ta yi tauri, yau na tone bokiti ɗaya da yatsa a hankali. Kowace ta murza wa kanta ɗan ɗaki a cikin ƙasar, tana kwance a ƙwanso baƙi mai tauri, tsohuwar fatar mai ƙaya a tattare a gefenta. A jikin ƙwanson ana ganin shacin fukafukai da ƙahonni tun yanzu. Da na taɓa ɗaya ta juya wutsiya, tana da rai. Na duba ƙasan cikinsu da madubi: mace tana da ɗan tsagi, namiji ƙananan tudu biyu. Akwai duka biyun, matan sun fi girma da nauyi.

Da nake mayar da ƙasar ne na fahimci me ya sa dattijon nan ya daɗe bai ga irinta ba. Ƙwaron da muke gani da fiffike mako guda ne a rayuwarsa. Wata ɗaya da 'yan kai yana kan ganye, sauran duk a cikin ƙasar gindin bishiya. Mukan bar bishiya mu ce mun kyauta, sannan mu shafe gindinta da siminti, ko mu tattake ƙasar ta yi tauri, ko mu tara shara a wurin mu cinna wuta. Tsutsar da ta sauko daga irin wannan bishiya yawo za ta yi a fili har wani abu ya ɗauke ta. Na zagaye gindin madacin da duwatsu, taku biyu ta kowane gefe, ba shara ba haƙa. Baba ya ce a ƙara faɗinsa ta ɓangarensa.

12 ga Satumba

Ɗaya ya fito. Da yamma na ji ƙaraf-ƙaraf a kejin raga da na kifa kan bokitin, na tarar da shi yana hawan sandar da na kafa. Jiki kumbure, fukafukai a cukuikuye, ba su fi faɗin farce biyu ba. Ya sami wuri ya rataya, fukafukan suka zubo ƙasa. Sai ya shiga matsa ciki yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fiffiken, suna miƙewa a kan idona, zanen idon nan na buɗewa daga ɗigo har ya cika. Bai kai sa'a guda ba suka gama miƙewa, bushewa ce ta ɗauki lokaci. Idan bai sami abin hawa a wannan ɗan tsakanin ba, fukafukan haka za su bushe a nannaɗe, ba zai taɓa tashi ba. Daga baya ya fesar da wani ruwa mai launin ƙasa, dattin da ya taru tun yana ƙwanso.

Namiji ne. Ƙahonninsa faffaɗa, bakin fiffikensa na gaba ya fi na uwar lanƙwasa, launinsa ya fi nata kaifi tunda ko ɓawo ɗaya bai goge ba. Na kira ɗan ƙanena da Baba suka gani. Da dare ya yi na buɗe kejin a waje, fitila a kashe. Tashinsa ya fi na uwar sauri nesa ba kusa ba.

20 ga Satumba

Wani namijin ya sake fitowa, na sake shi. Mace ba ta fito ba tukuna, don haka gwajin keji yana jira. Irin waɗannan ƙwari, wasu kan fito cikin makonni, wasu kan yi kwanci su tsallake rani sai ruwan sabuwar damina ya jiƙa ƙasa. Na auna ragowar a tafin hannu, duk da nauyinsu, suna kuma motsi.

Na mayar da bokitan rumfa, inda zafi da sanyin waje za su riƙa samunsu amma ruwa ba zai taru a ciki ba, na rufe su da ragar waya saboda ɓera. Kejin kira yana nan a shirye, ragarsa ƙanana ce don namiji ya zo ya sauka ba tare da ya shiga ba, tunda ƙirga nake so in fara yi. Daren farko zan ƙirga, in ɗiga wa kowane namiji alama a fiffike don kada in maimaita shi. Dare na biyu in buɗe mata ƙofa. Zan riƙa leƙa bokitan kowace yamma har ruwa ya ɗauke, bayan nan sau ɗaya a mako.